Mai Makullin Ɗakin Sanyi

A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a duk faɗin Zamfara, saboda yaƙin da ake yi da 'yan bindiga. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, amma Talata Mafara da Bakura da Maradun sai da suka kai ƙarshen Nuwamba. A waɗannan makonni mai POS ya naɗe tabarmarsa, dillalin shinkafa da ya saba da tiransifa ya koma ƙirga takardun kuɗi a kasuwar Talata. Kuɗin kowa na nan, ba wanda ya ci. Suna kwance ne cikin wasu manyan kwamfutoci a Legas da Abuja, hanyar zuwa gare su ce aka toshe.

Waɗannan kwamfutoci su ne uwar garke, wasu su ce saba, kuma akwai mutanen da kula da su ne abincinsu. A ofis Injiniya ake ce wa irin wannan mutum. Shi ke riƙe da makullin ɗakin nan mai sanyi da ba kowa ke shiga ba, kuma ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da albashi ya ƙi fita. A nan ne za ka ji mai gida da kansa ya ɗaga waya: “Injiniya, don Allah kana ina? Komai ya tsaya.”

Da can kowane aiki da injinsa: na albashi daban, na rajistar ɗalibai daban, na wasiƙu daban. Kowanne na shan wuta dare da rana, alhali yawancin ƙarfinsa a zaune yake. Kamfanin IBM ya fara raba babban inji guda zuwa injuna da yawa tun shekarun 1960, amma sai da VMware ya zo a 1998 dabarar ta sauko kan injunan da ƙaramin kamfani ke iya saye. Wata manhaja ce ake ɗorawa kan ƙarfen, ita kuma ta yanka shi kashi-kashi. Kowane kashi yana da tasa babbar manhajar, da nasa rabon ƙwaƙwalwa da ma'adana, yana aiki tamkar shi kaɗai ne a duniya. Ba shi da jikin da za ka taɓa. Fayil ne, ana kwafarsa, ana ma iya ɗauke shi daga wannan ƙarfe zuwa wancan yana tsakiyar aiki, mai amfani da shi bai sani ba.

Mutumin wannan yanki ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san Bakolori. Madatsa ɗaya ce a kan Gulbin Sakkwato, an gama ta a 1978 don shayar da hekta 23,000, kuma ruwanta ta magudanai ake raba shi gona-gona. Manomin Bakura da ke ƙarshen layi ya san abin da ke faruwa idan na sama ya buɗe ƙofarsa fiye da ƙima. Haka yake a ɗakin sanyi. Saba guda mai haɗama tana iya shanye ƙwaƙwalwar ƙarfen, sauran su riƙa jan ƙafa, ma'aikata kuma su ɗora wa sabis laifi. Gwanintar Injiniya ita ce sanin wa zai ba nawa, da yaushe. Manhajar albashi ƙarshen wata take yunwa, ta rajista kuwa farkon zango.

Sashen sana'ar da ya fi burge ni shi ne na rubuta aiki. Sabon shiga da hannu yake yin komai: ya latsa nan, ya cike can, gobe ya manta abin da ya yi jiya. Gwani kuwa zama yake ya rubuta umarni a fayil: saba kaza, ƙwaƙwalwa kaza, a saka mata manhaja kaza, a rufe duk ƙofofinta ban da biyu. Sai ya miƙa wa manhaja irin Ansible, wadda ta fito a 2012, ko Terraform ta 2014, su aiwatar. Ko saba ɗaya ce ko ɗari, iri ɗaya za su fito. A duba cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta: zaure guda na ɗaukar kwamfuta 250 da ke rataye da uwar garken cibiyar. Wanda zai bi su ɗaya-ɗaya da hannu, sai ya tsallake wata, kuma yaron da ya zauna gabanta shi zai biya da shekara guda ta rayuwarsa.

Sai dai umarnin da ke gyara ɗari a minti ɗaya, shi ne ke ɓata ɗari a minti ɗaya. A Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren shigar da umarni, ya kashe saba fiye da yadda ya yi niyya, shafukan intanet masu yawa suka tsaya na kusan awa huɗu. Ranar 19 ga Yulin 2024 gyaran da kamfanin CrowdStrike ya tura kai tsaye ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, har jirage suka kasa tashi. Shi ya sa masu sana'ar ke da ƙa'ida: a gwada a kan ɗaya, sannan goma, sannan sauran, kuma ba a taɓa komai ana jibi biyan albashi.

Littattafan koyon aikin a ƙasashen sanyi da tsayayyar wuta aka rubuta su. Suna cewa ɗakin saba ya zauna tsakanin digiri 18 da 27. A Mafara, watan Afrilu, zafi kan haura 40, da hunturu kuma ƙura ta toshe fankokin inji. Saboda haka Injiniyan nan rabinsa mai gyaran wuta ne: ya san inbata, ya san lafiyar batir, ya san awa nawa sola za ta riƙe na'urar sanyaya ɗaki kafin a tada janareto. Rubutun da ya fi kowanne daraja a wajensa shi ne wanda ke lura da batir. Da ya sauka ƙasa da ƙima, sai a fara kashe saba bi da bi cikin tsari, manhajojin da ma'aikata ke taɓawa tukun, rumbun bayanai daga baya, ma'adana a ƙarshe. In wuta ta dawo a tashe su a juye. Rumbun da wuta ta yanke masa yana tsakiyar rubutu na iya lalacewa, kuma lalacewar ba lallai ta bayyana ranar ba.

Ga kuma tsada. Broadcom ya saye VMware a Nuwamban 2023, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma na haya. Tsakanin 2023 da 2024 kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500. Da yawa sun koma Proxmox, manhajar wani kamfanin Ostiriya da ake saukewa kyauta. Wasu sun ce a kwashe komai a kai gajimare, wato injunan haya na manyan kamfanoni, a huta. Ban yarda da wannan ba, a nan dai. Hayar Amazon da Microsoft da dala ake lissafinta, kuma ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sun ji a jikinsu. Makaranta ko asibiti a Maradun ya kamata rajistarsa ta ci gaba da aiki cikin gida ko da sabis ya ɗauke wata uku, kwafinta kuma ya riƙa tafiya nesa duk lokacin da hanya ta buɗe. Cibiyar bayanai ta Galaxy Backbone da aka buɗe a Kano a 2023 ta kawo irin wannan ma'ajiya kusa, kuma da naira.

Ƙofar koyo a buɗe take. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, wadda ke Mafara tun 1992, ko na jami'ar jiha da ke garin, tsohuwar laftof ta ishe shi. Ya saka manhajar raba inji ta VirtualBox, ya ƙirƙiri saba uku na Linux, ya ɓata su da gangan, ya tashe su daga abin da ya rubuta. Wanda ya iya wannan zai iya kula da injunan Legas daga ɗakinsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wasu ma'aikatu ke sakin al'amarin. Ɗan kwangila ya zo ya kafa, ya tafi da kalmar sirri a kansa, ba takarda, ba wanda ya koya wa. Ranar da aka saɓa da shi, ko ya yi nisa, bayanan shekaru sun zama fursuna. Shugaban ma'aikata ba sai ya iya Linux ba kafin ya kare kansa. Ya sa a rubuta kalmomin sirri a rufe a ambulan cikin sef, ya sa ma'aikata biyu su san aikin, sannan duk wata uku ya ce wa Injiniya ya ɗauko kwafin ajiya na makon jiya, ya tashe shi a kan wani inji daban, a buɗe fayil ɗin albashi a gabansa.