Jitar bas: asalinta da abin da mai saye ya kamata ya duba kafin ya biya

Idan ƙungiyar makaɗa ta hau dandali, hankalin jama'a yakan tafi kan mawaƙi da mai kaɗa jitar gaba. Amma sautin da ke dukan ƙirji, wanda ke sa ƙafa ta motsa, daga jita mai tsirkiya huɗu masu kauri yake fitowa, wato bas. Ko ƙungiyar Mdou Moctar, ɗan Nijar da ke zagaya duniya da kiɗansa, tana da nata mai bas, Ba'amurke Mikey Coltun.

Kafin a ƙirƙiro ta, aikin ƙasan sauti yana hannun kwantirabas, wani ƙaton goge na Turawa da ya kai tsayin mutum, wanda ake kaɗawa a tsaye. Wahalarsa biyu ce. Ɗaukarsa daga gari zuwa gari aiki ne, sannan da zarar ganguna da ƙahonin busa sun tashi, ba a jin sa.

A tsakiyar shekarun 1930 wani makaɗi a birnin Seattle na Amurka, Paul Tutmarc, ya ƙera bas mai aiki da lantarki da ake rataya wa a kafaɗa, ya sayar da ita da sunan Audiovox. Kasuwa ba ta karɓa ba, kaɗan aka yi. Sai a 1951 Leo Fender ya fito da Precision Bass a garin Fullerton na jihar Kalifoniya. Fender mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba, amma ya gane matsalar makaɗa. Ya jera ƙananan ƙarafa a gicciye a kan wuyan jitar, domin yatsa ya faɗi daidai inda sauti yake, abin da kwantirabas ba shi da shi. Daga nan sunan ya samo asali, don ma'anarsa daidaito. A ƙarƙashin tsirkiyoyin kuma ya sa maganaɗisu naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke mayar da kaɗawar tsirkiya ta zama lantarki, ya aika wa amfili.

Monk Montgomery na cikin waɗanda suka fara yawo da ita, a ƙungiyar Lionel Hampton. A 1960 Fender ya ƙara fito da Jazz Bass, mai siririn wuya da maganaɗisu biyu. Har yau yawancin bas ɗin da ke kasuwa kwaikwayon waɗannan biyu ne. Da Precision James Jamerson ya kaɗa waƙoƙin kamfanin Motown, shi kuwa Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley an fi saninsa da Jazz Bass.

Duk da haka ba sunan da ke kan jita ke yin kiɗa ba. A 1961 Paul McCartney ya sayi bas ɗin Höfner a Hamburg ta Jamus saboda kuɗinsa ba su kai na Fender ba, kuma siffarta ta dace da bahago. Da ita ya yi suna. Mai farawa a yau zai iya samun mai kyau daga Squier, Yamaha, Ibanez ko Cort ba tare da ya zubar da jarinsa ba. Abin tsoro shi ne jabu: Fender da aka sa wa farashin banza, mai yiwuwa tambarin ne kawai nata.

Wuya ne wurin da za a fara dubawa, musamman idan ta hannu ce. A ɗaga jitar a hango ta daga kai zuwa gindi. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa a daidaita shi. Amma idan wuyan ya murɗe, ko sandar ta ƙi juyawa, a haƙura da ita komai arharta. Wannan ya fi shafar ƙasa irin Nijar: katakon da ya zauna a Kwatano ko Faransa yakan tsuke idan ya sha hunturun Maraɗi ko Tawa, har bakin ƙarafan ya fito yana yankan yatsa. A shafa gefen wuyan a ji. Sannan a jona ta da amfili, a danna kowane gurbi a kowace tsirkiya, a juya maɓallan sauti a ji ko suna ƙara.

Tsawon tsirkiyar bas ta yau da kullum kusan santimita 86 ne, nauyinta wajen kilo 4. Mai ƙaramin hannu zai fi jin daɗin gajera, mai santimita 76. Wasu kuma suna aiki da batir mai volt 9 a ciki. Idan ya mutu ana tsakiyar biki, sauti ya tafi. Tsirkiya huɗu ta ishi mai koyo.

Inda mutane da yawa ke yin asara shi ne amfili. Wanda aka yi don jita ta yau da kullum ba ya jure nauyin bas, lasifikarsa takan yage idan aka ƙure ta. Dole a ware kuɗin amfilin bas tun farko. Ƴan uwa da ke aiko da kaya daga Amurka ko Kanada kuma su karanta abin da aka rubuta a bayansa: can wuta volt 120 ce, a Nijar 220. Wanda ba ya karɓar biyun, idan aka jona shi babu taransifoma, nan take zai ƙone. Na Turai ba shi da wannan matsala. Kuma tunda tsirkiyar bas ta fi ta sauran jita tsada, mai aikowa ya haɗa da ƙarin saiti ɗaya da wayar jonawa a cikin jakar.