Daga Birnin Kebbi Zuwa Argungu: Kwalta Ta Yi Gaba, Tsarin Gari Na Biye A Baya

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Daga wannan rana Birnin Kebbi ya ɗauki nauyin da bai shirya masa ba. Garin da aka sani da fadar Sarkin Gwandu da manoman fadama ya zama dole ya sama wa gwamna da kwamishinoni da dubban ma'aikata masauki, ya kuma sama wa 'ya'yansu makarantu. Shekaru sama da talatin ke nan garin yana faɗaɗa, kuma duk mai idon gani ya san yadda faɗaɗar take tafiya: inda kwalta ta bi, nan gine-gine ke bi. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, wa ke gaba tsakanin mai tsara gari da dillalin fili?

Yanayin ƙasar wurin shi ne farkon abin lura. Birnin Kebbi yana zaune ne a kan tudu, yana kallon faffaɗar fadamar Gulbin Rima. Ta wannan ɓangaren babu inda gari zai je sai cikin ruwa. Saboda haka ya miƙe ta hanyoyin da suka rage masa. Ɗaya ita ce hanyar Kalgo da Jega, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 da babban asibitin jiha na Kalgo suka ja mutane. Ɗayar kuwa ita ce hanyar Argungu, wadda ta ratsa Gwadangaji da Zauro da Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake. Unguwanni irin su Gesse da Badariya da Bayan Kara, waɗanda a da ake kallonsu a matsayin bayan gari, yanzu sun zama cikin gari, wasu sababbi sun tsiro a bayansu.

A can ɗaya ƙarshen hanyar, tafiyar kilomita hamsin da 'yan kai, Argungu ma ba ta tsaya ba. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana tara ɗalibai masu neman ɗakin haya. Noman shinkafa ya samu sabon ƙarfi tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, sannan a 2017 aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa ta WACOT a Argungu. Masana'anta kuwa ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da manyan motoci, da leburori, da masu sayar da abinci, da masu neman fili kusa da wurin aiki. Ga kuma bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Garuruwa biyu ne da suka taɓa kasancewa sansanonin yaƙi da juna, yau kowanne yana miƙa hannu zuwa ga ɗan'uwansa a kan hanya ɗaya.

Wannan ci gaba ne, babu mai musun haka. Matsalar tana cikin yadda gona ke zama unguwa. Da zarar labari ya bazu cewa za a yi titi ko a gina wata ma'aikata a wani wuri, masu kuɗi da dillalai ne ke fara isa. Sai su sayi gonar manomi a farashin gona, su kawo igiya da turaku su yayyanka ta, su sayar a farashin fuloti. Abin da ake kira awon igiya ke nan. Da yake ribar mai yanka tana cikin yawan fulotan da ya fitar, kowane taku da ya bari don titi asara ce a wurinsa. Sai ka ga lungun da mota biyu ba za su gifta juna ba. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar wurin asibitin sha-ka-tafi ba, ba a bar maƙabarta ba, balle hanyar da ruwan sama zai bi. Bayan shekara biyar ko goma gidaje sun cika, sai mazauna su kafa ƙungiyar ci gaban unguwa, su fara zarya ofisoshin gwamnati neman taransifoma da kwalbati. Idan gwamnati ta tashi yi musu titi, sai ta tarar ba za a iya ba sai an rushe gidajen mutane an biya diyya. Aikin da za a yi da fegi da fenti tun wurin yana gona, sai a yi shi da katafila da hawaye.

Mai sayen fuloti yana ganin ya yi dabara, domin ya guje wa tsadar cikin gari. Amma kuɗin da ya miƙa wa dillali kashin farko ne kawai na farashin. Sauran zai riƙa biyansa kullum safe da yamma a hannun ɗan kabu-kabu da mai keke napep. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan kashi na biyu ya ninka. A ɗauka, don misali kawai, ma'aikaci yana kashe naira 1,000 a rana zuwa ofis da dawowa. A kwana 22 na aiki ya kashe 22,000, a shekara 264,000, shi kaɗai, ba a sa kuɗin kai yara makaranta da zuwa kasuwar uwargida ba. Ƙara da kuɗin ruwan 'yan ga-ruwa ko haƙa rijiyar burtsatse, tunda famfon gwamnati bai kai can ba. A nan ne araha ke nuna ba ta ado. Kuma nauyin ya fi faɗa wa ƙaramin ma'aikaci da malamin firamare da ɗalibi, waɗanda tsadar haya ta koro daga tsakiyar gari tun farko.

Abin mamaki shi ne, siffar da garin ya ɗauka ta dace ƙwarai da sufurin jama'a. Garin da ya bazu ta kowace fuska yana da wuyar haɗawa da motocin safa. Wanda ya miƙe a kan layi ɗaya kuwa, daga Kalgo ya ratsa tsakiyar Birnin Kebbi ya fita ta Gwadangaji zuwa Ambursa, layin safa ɗaya tak mai tashi a kan lokaci zai iya ɗaukar mafi yawan masu zirga-zirgarsa. Jami'a tana kan layin, asibitoci suna kai, sakatariya da kasuwa da filin jirgi duk ba su yi nisa da shi ba. Birnin Kuritiba na ƙasar Barazil ya yi suna a duniya da wannan dabara tun 1974: ya ware wa manyan motocin safa hanyarsu, ya kuma ba da izinin gina gidaje masu yawa a gefen hanyar, don fasinja da mota su samu juna. Legas ta fara irin nata a 2008. Birnin Kebbi ba ya bukatar abu mai tsada irin nasu. Abin da yake bukata a yau shi ne a keɓe faɗin hanya da wuraren tsayawa tun ba a gine su ba. 'Yan kabu-kabu da masu keke ba za su rasa abinci ba, domin su ne za su riƙa kwaso mutane daga cikin unguwanni zuwa bakin layi. Wanda yake son ganin abin da ke faruwa idan aka bar hanya ta gina kanta, ya tambayi masu kwana a Mararaba da Masaka suna aiki a Abuja awa nawa suke yi a cikin cunkoso kowace rana.

Sai batun ruwa, wanda ya fi kowanne haɗari. Rima ba gulbin wasa ba ne. Madatsar Goronyo tana samansa, ta Bakolori tana kan Gulbin Sakkwato da ke haɗuwa da shi, kuma duk abin da aka saki daga can ta ƙofar Argungu da Birnin Kebbi zai wuce. Mutanen wannan kwari ba su manta ambaliyar 2010 ba, ba su kuma manta ta 2020 ba, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa, ta yanke hanyoyi da gadoji a sassan jihar. Fadama ita ce ɗakin da gulbi ke saukar da baƙinsa idan ya cika. Duk wanda ya cike gefenta da ƙasa ya ɗora bulo, ya rage wa ruwa masauki, ruwan kuma zai nemi wani a gidan maƙwabci. Haka abin yake a kan tudu. Gonar da ke shanye ruwan sama idan ta koma rufin kwano da daɓen siminti, ruwan gangarowa yake yi da ƙarfi, ya ci bakin tudu ya zama kwazazzabo, ya cika tsofaffin unguwannin da ke ƙasa. Abin da ya sami Maiduguri a Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya isa gargaɗi ga duk birnin da ke zaune ƙarƙashin madatsa. Gemun ɗan'uwanmu ya kama da wuta, namu ya kamata mu shafa wa ruwa.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Jihar da ta gina sunanta a kan shinkafa, har ta yi haɗin gwiwa da Legas a 2016 aka fitar da shinkafar Lake Rice, bai kamata ta zuba ido gonakin da ke ciyar da masana'antunta suna komawa fulotai ba. Manomin da ya sayar da gonar gado yakan ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, ya yi aure, ya sayi babur, wataƙila ya sauke farali. Bayan shekara biyu kuɗi sun ƙare, gona ta tafi, 'ya'yansa sun zama masu gadi a gidajen da aka gina a kanta. Idan kuwa gwamnati ce ta karɓi gonar, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi diyya ne a kan abin da ke bisa ƙasar, kamar amfanin gona da itatuwa da gini, domin ita ƙasar doka ta riga ta damƙa amanarta a hannun gwamna. Wannan ne ya sa manomi ke gaggawar sayar wa dillali da zarar ya ji ƙishin-ƙishin, kafin hukuma ta iso. Muddin manomi yana ganin tsarin gwamnati asara ne gare shi, awon igiya ba zai ƙare ba. Mafita ita ce a sa shi cikin rabon: idan an tsara gonarsa, a cire na titi da na makaranta, a mayar masa da wani kaso na fulotan da takardunsu. Ƙasashe irin su Japan da Koriya ta Kudu sun daɗe suna gina unguwanni ta wannan hanya.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. A Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin ɓangaren Kebbi na babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a Gulumbe, cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Kebbi. Hanya ce mai tsawon sama da kilomita 1,000, kuma kimanin 258 daga ciki a Kebbi suke. Ko yaushe aka gama ta, tasirinta a kan farashin fili ya riga ya fara tun ranar da aka ambaci sunanta. Duk mahaɗar da za ta haɗa ta da hanyoyinmu na yanzu za ta zama gari, da tashar manyan motoci da gidajen mai da rumfuna. Ko dai a zana wannan gari a takarda yanzu, ko ya zana kansa.

Kada wani ya ce tsarin gari baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Kanta ya gina Surame da ganuwa da ƙofofi tun ƙarni na 16, kufanta na nan har yau. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Masarautar Gwandu ke tinƙaho da shi, ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa da raya wadda ba ta da mai ita. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya san hurumin rijiya da na gulbi da na hanya, wato filin da ba a yarda wani ya mallake shi ba saboda haƙƙin jama'a ne. Abin da masana tsara birane ke nema a yau bai wuce a dawo da wannan hurumi ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban Gwamna Nasir Idris da Majalisar Dokokin Jiha. Titunan da ake gyarawa a cikin babban birni abin yabo ne, sai dai titi yana magance matsalar jiya ne, taswira ce ke magance ta gobe. Ana bukatar tsari guda da ya haɗa Kalgo da Birnin Kebbi da Argungu a matsayin yanki ɗaya, wanda zai nuna inda za a gina da inda ba za a taɓa ginawa ba, a mayar da shi doka don kada ya mutu da wa'adin gwamnatin da ta yi shi. A fassara shi da Hausa, a manna a fadar kowane uban ƙasa, domin taswirar da ke kulle a durowar ofis masu kuɗi kaɗai take amfana. Hukumar Raya Birane ta Jiha, KUDA, tana bukatar ma'aikata da motocin da za su kai ta gona kafin a kafa turaku. A kuma sauƙaƙa samun takardar shaidar mallaka, domin talaka ba ya gudun hanyar hukuma sai don tsawonta da tsadarta. Tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba, amma hotunan tauraron ɗan'adam da kowane ɗalibi ke iya buɗewa a wayarsa suna nuna rufin kowane gida. Malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da na Jami'ar Tarayya za su iya wannan aiki idan an ba su dama.

Masu Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammadu Iliyasu Bashar, da Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, su ma suna da babbar rawa. Da wuya a yi cinikin gona a ƙauye ba tare da sanin mai unguwa ko hakimi ba. Idan umarni ya fito daga fada cewa kada wani basarake ya shaida cinikin fili a kan hanyar ruwa, ko yankan da bai bar titi da makaranta ba, rabin aikin ya ƙare.

Kai kuma mai shirin sayen fuloti, kafin ka ƙirga kuɗi ka je ka ga wurin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Ka tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa ya tsaya a 2020. Ka auna faɗin lungun da ƙafarka, ka kuma lissafa kuɗin motar shekara guda ka ɗora a kan farashin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yawancin ƙasar da ke tsakanin Ambursa da Argungu har yanzu gona ce. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace tun lokaci bai ƙure ba.