Wa Zai Biya Likitan da Ke Duba Masu Shan Maganin Hana Daskarewar Jini?

A cikin magungunan da ake bai wa masu ciwon zuciya, warfarin na daga cikin mafi araha kuma mafi buƙatar sa ido. An fara sayar da shi a Amurka a 1948 a matsayin gubar ɓera, aka amince a ba mutane a 1954, kuma aikinsa shi ne rage ƙarfin bitamin K, sinadarin da hanta ke amfani da shi wajen haɗa abubuwan da ke sa jini ya daskare. Ana rubuta shi ga wanda bugun zuciyarsa ya rikice, da wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, da wanda gudan jini ya toshe masa jijiyar ƙafa.

Haɗarinsa yana cikin ma'auni, domin in ya yi kaɗan gudan jini na iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki, in ya yi yawa jini ya ɓalle. Saboda haka ake yin gwajin INR, wanda ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, kuma ga yawancin marasa lafiya ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3, a maimaita gwajin kusan duk wata. Abinci ma yana taɓa sakamakon, domin ganyaye irin su alayyafo suna da bitamin K mai yawa, haka kuma wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta suna ƙara wa warfarin ƙarfi.

Wannan bibiya aiki ce mai cin lokacin likita. A tsarin inshorar lafiya ta ƙasa a Najeriya, wanda dokar 2022 ta sabunta, ana biyan asibitin matakin farko kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum da ya yi rajista, ko ya zo sau ɗaya ko sau goma sha biyu, abin da ke sa mai shan warfarin ya zama nauyi ga asibitin. A Ingila, yarjejeniyar likitocin iyali ta 2004 ta ware lada na musamman ga masu wannan aiki.

Darasin ya shafi jihar Kebbi kai tsaye, ganin cewa binciken INVICTUS na 2022 ya nuna magunguna irin warfarin sun fi wani maganin hana daskarewar jini mai suna rivaroxaban kare masu rikicewar bugun zuciya da ta samo asali daga lalacewar ƙofofinta bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya. Manomin shinkafa ko masunci a Argungu da zai riƙa yin tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi duk wata, ga kuɗin mota ga asarar yini, da wuya ya ɗore. Idan hukumar inshorar lafiya ta jihar, KECHEMA, ta ware kuɗi daban kan kowane gwaji da gyaran adadin magani a asibitin da ke kusa da shi, likita zai samu dalilin neman wanda ya daina zuwa tun kafin a kawo shi a kwance.