Furen da ba ya karɓar garin kansa

Ƴan uwa manoman bakin Komadugu, mun saba ganin tattasai ya yi fure ya yi ƴaƴa, ko da shi kaɗai ne a lambu. Furensa yana da namiji da mace wuri guda. Garin namijin ya faɗa kan macen, shi ke nan. To, ba kowane tsiro ne haka ba.

Kabeji, wanda wasunmu ke kira shu, ba ya karɓar garin kansa. A bakin macen furensa akwai wani furotin, wato ɗan ma'aikacin da ido ba ya gani. Aikinsa gadi. Kowace ƙwayar gari kuma tana zuwa da shaida a jikinta, kamar katin ɗan ƙasa. In mai gadi ya ga shaidar ta gidansu ce, sai ya ɗauki wani sinadari mai suna fosfat, ya liƙa wa kansa, ya liƙa wa furotin na kusa da shi. Wannan liƙin shi ne saƙo. Da saƙo ya isa ciki, sai macen ta hana garin ruwa, ya bushe a bakin ƙofa. In kuwa garin baƙo ne, a ba shi ruwa, ya tsira, ya shige, a samu iri.

Fosfat ɗin nan ba baƙonmu ba ne. Shi ne harafin P da muke karantawa a jikin buhun taki.

Masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gano mai gadin a 1991, suka gano shaidar a 1999. Masu sayar da iri kuwa sun daɗe suna cin moriyar abin. Sukan shuka kabeji kala biyu gefe da gefe, ƙudan zuma ya haɗa su. Irin da ya fito shi ake rubuta wa F1. A nan Difa sanyinmu ba ya isa kabeji ya yi fure sosai, shi ya sa kullum sai mun sayo iri.

Mu koma ga tattasai, tunda shi ne dukiyarmu. Shi ba shi da wannan mai gadi. Yana karɓar nasa, yana kuma karɓar na maƙwabci. Zuma na iya kawo masa garin barkono. Bana ba za mu ga kome ba, sai baɗi, in irin ya tsira ya ba mu ƴaƴa masu yaji. Saboda haka wurin da za mu cire iri, mu nisanta shi da barkono.