Ladubban Ɗalibin Adabi Tsakanin Zaure da Jami'a: Bayani ga Ɗaliban Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Gabatarwa

 A kowace shekara ɗalibai daga ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, suna samun gurbin karatu a Jami'ar Bayero da ke Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko Jami'ar Al-Qalam da ke Katsina. Wasunsu kan shiga sashen Larabci, wasu sashen nazarin addinin Musulunci, wasu kuma sashen harsunan Nijeriya, kuma kusan dukkansu sai sun ɗauki kwas na adabi. Da yawa daga cikinsu sun zo da guzuri mai nauyi: sun sauke Alƙur'ani, sun durƙusa a zaure, sun rera Ishiriniya da Burda tun suna yara. Duk da haka akan ga mai irin wannan guzuri ya sami sakamako maras kyau a kwas ɗin da ya fi kowa sanin mataninsa. Sau da yawa dalilin shi ne bai fahimci dokokin kwas ɗin ba, ko ya ɗauke su baƙin sharuɗɗa na boko da ba su da alaƙa da ladubban da ya taso a kansu. Wannan maƙala za ta bayyana waɗannan dokoki ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa mafi yawansu amana ce da magabata suka riga suka shar'anta wa ɗalibi, sannan ta tsaya a kan wuri guda da jami'a ta bambanta da zaure bambanci na gaske.

Matsayin adabi a karatun addini

Kafin a yi maganar doka sai a san darajar abin da aka kafa dokar dominsa. Malaman tafsiri sun dogara da waƙoƙin Larabawa wajen fayyace baƙin kalmomin Alƙur'ani, kamar yadda Suyuɗi ya kawo a cikin Al-Itƙan game da tambayoyin da Nafi'u ɗan Azraƙ ya yi wa Abdullahi ɗan Abbas. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya nemi sahabi Sharid ya rera masa waƙoƙin Umayyatu ɗan Abis Salt, yana ta neman ƙari har aka kai baiti ɗari. Wannan ne ya sa zaurukan ƙasar Hausa ba su taɓa raba fiƙihu da lugga ba. Bayan Risala da Askari, almajiri kan karanta Muƙamatul Hariri da Shu'ara da Daliya. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya tattara ƙasidunsa tare da bayanin dalilan tsara su a cikin Tazyinul Waraƙat. Jami'ar Bayero kanta ta tsiro ne daga wannan tushe, domin ta fara a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello a harabar Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Saboda haka ɗalibin da ya shiga ajin adabi yana cikin gidan kakanninsa ne.

Doka ta farko: halartar darasi

Tsarin jami'o'in Nijeriya ya ginu a kan zangon karatu na kimanin mako 15. Kwas mai nauyi biyu yana nufin sa'o'i biyu na darasi a kowane mako. A yawancin jami'o'i ana sharɗanta wa ɗalibi halartar kashi 75 cikin 100 na darussa kafin a ba shi damar zama jarrabawa. Maki kuma a raba suke: kashi 30 zuwa 40 na aikin cikin zango, wato gwaji da jinga da gabatarwa a gaban aji, sauran kashi 60 zuwa 70 na jarrabawar ƙarshe. Wanda ya yi sakaci da aikin cikin zango ya shiga jarrabawa da rauni, ko da kuwa ya fi kowa hadda.

Wannan doka takan yi wa ɗaliban karkara nauyi. Ɗan Rogo yana da gonar da ke jiransa da damina, ɗan Ƙaraye yana da noman rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa, ga biki da ta'aziyya da ba a iya ƙin zuwa. Sai dai a tuna cewa malamin zaure ma ba ya ba da ijaza ga wanda bai durƙusa a gabansa ba. Malamai sun daɗe suna gargaɗi a kan ɗaukar ilimi daga takarda kaɗai, domin mai yin haka yakan karkatar da lafazi bai sani ba. A adabi wannan ya fi bayyana, saboda karin waƙa da kunne ake kama shi. Wanda bai ji an yanka baiti a gabansa ba zai wahala kafin ya rarrabe Ɗawil da Basiɗ. Abin da ya dace shi ne ɗalibi ya tsara tafiye-tafiyensa tun farkon zango, ya sanar da iyayensa ranakun gwaji, idan kuma uzuri na gaske ya faɗo masa ya kai shi a rubuce ta hanyar da sashe ya tanada, kafin ranar ta wuce.

Doka ta biyu: karanta matanin kansa

Kowane kwas na adabi yana zuwa da jerin littattafan da aka wajabta. A adabin Hausa akan sa ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar 1933, kamar Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, tare da rubutattun waƙoƙi irin na Nana Asma'u da Sa'adu Zungur da Aliyu Namangi. A adabin Larabci akan bi zamuna tun daga Jahiliyya har zuwa marubutan Nijeriya, waɗanda Shehu Ahmad Sa'id Galadanci ya yi wa tarihinsu littafi sananne. Abin da ake bukata shi ne ɗalibi ya karanta littafin da kansa daga bango zuwa bango. Taƙaitawar da ake yaɗawa a waya, ko 'yan takardun da ɗaliban bara suka bari, ba sa tsayawa a madadinsa. Mai jarrabawa yana gane wanda ya karanta daga wanda aka ba labari, domin na farko yana iya nuna inda jigo ya juya da inda salo ya canza, na biyu kuwa ba ya wuce sunayen taurari.

A nan wata tambaya takan taso a zukatan masu tsantseni: yaya mai karatun addini zai karanta waƙar bege ta Imru'ul Ƙais ko waƙar giya ta Abu Nuwas? Amsar ita ce nazarin magana daban yake da yarda da ita. Malaman zaure masu tsoron Allah sun karantar da Shu'ara shekara da shekaru saboda luggar da ke ciki, kuma malaman nahawu sun kafa hujja da baitocin mutanen da ba su yi imani ba. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi wani rukuni na mawaƙa, ya kuma keɓe muminai masu aiki nagari daga zargin, abin da ke nuna cewa hukunci yana bin abin da waƙa ta ƙunsa. Haƙƙin ɗalibi ne ya bayyana matsayin shari'a a kan ma'ana idan wurin ya kira haka. Haƙƙin kwas a kansa kuma shi ne ya fara fahimtar abin da mawaƙi ya faɗa, da yadda ya faɗe shi, kafin ya yanke hukunci.

Doka ta uku: jingina magana ga mai ita

Babu laifin da jami'a ta fi tsananta hukunci a kansa kamar satar amsa da satar fasaha. Hukuncin kan fara daga soke makin aiki, ya kai ga dakatarwa ko kora. Satar fasaha ita ce mutum ya ɗauki lafazin wani ko tunaninsa ya sa a aikinsa ba tare da ambaton mai shi ba. Ta haɗa da kwafo daga intanet, da biyan wani ya rubuta maka jinga, da miƙa abin da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta a matsayin naka. Fassara sakin layi daga littafin Larabci zuwa Hausa ba tare da ambaton littafin ba shi ma sata ne, ko da yake ɗalibai da yawa ba su ɗauke shi haka ba.

Al'ummar da ta kafa ilimin isnadi ita ta fi cancanta da kiyaye wannan doka. Ibnu Sallam al-Jumahi, wanda ya rasu a 231 bayan Hijira, ya buɗe littafinsa na ɗabaƙoƙin mawaƙa da gargaɗi a kan waƙoƙin jabu da maruwaita suka jingina wa magabata. Ibnu Rashiƙ ya ware babi a cikin Al-Umda a kan satar mawaƙa da nau'o'inta. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukh domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu daga gare su da littattafan da ya karanta a hannun kowanne. Abin da jami'a ta ƙara shi ne tsari kawai: sunan marubuci, da shekarar bugu, da lambar shafi. Akwai al'ada a wa'azi ta cewa "malamai sun ce" a wuce. Wannan ba ya isa a aikin jami'a. Sai an faɗi wane malami, a wane littafi, a wane shafi, domin mai karatu ya iya komawa ya tabbatar.

Wannan amana ta shafi aikin fita nazari. Ana yawan tura ɗalibi garinsu ya tattaro adabin baka ko rubuce-rubucen ajami, kuma ƙasar Ƙaraye tana da abin tattarawa: tsohuwar sarauta ce mai fada da makaɗa da maroƙa, wadda dokar masarautu ta 2024 ta haɗa ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Mai tattarawa zai nemi izini kafin ya naɗi murya, ya rubuta sunan wanda ya ba shi da wuri da rana, ya rubuta lafazi yadda aka furta shi ko da ya saɓa wa daidaitacciyar Hausa. Idan tsoho ya ba shi aron takardar ajami ta gado, ya ɗauki hotonta ya mayar da ita a ranar da ya yi alkawari. Ɗalibi ɗaya da ya riƙe takarda yana rufe ƙofar gidan ga duk wanda zai zo bayansa.

Doka ta huɗu: faɗin ra'ayi da hujja

A nan ne bambanci na gaske yake. A zaure malami yana fassara, almajiri yana saurare yana haddacewa, kuma kamalarsa ita ce ya mayar da karatu yadda ya karɓa. Jami'a tana neman wannan, sannan tana neman ƙari: ɗalibi ya auna, ya kwatanta, ya ce ga abin da ya rinjaya a wurinsa da dalilinsa. Tambayar jarrabawa takan ce "tattauna" ko "yi tarke", kuma wanda ya zubo haddar darasi kalma da kalma ba zai wuce matsakaicin maki ba. Ɗalibin da ya taso da kunyar malamai yakan ji kamar rashin ladabi ne ya ce wani baiti na babban malami yana da rauni a ƙafiya, ko ya saɓa wa ra'ayin mai koyar da shi.

Magabata ba su ɗauki tarke rashin ladabi ba. Al-Amidi ya rubuta Al-Muwazana yana auna Abu Tammam da Buhturi, Alƙali Jurjani ya rubuta Al-Wasaɗa yana shiga tsakanin Mutanabbi da masu sukarsa, kowannensu yana kawo baiti ya nuna kyansa ko aibinsa. Ladabi yana cikin yadda ake yin suka. Sharuɗɗansa uku ne: a kawo maganar wanda ake saɓa wa daidai yadda ya faɗe ta, a kafa hujja daga matani, a tsaya a kan magana ba a taɓa mutuncin mai ita ba. Wanda ya ce waƙa ta yi daɗi bai yi nazari ba sai ya nuna siffantawar da ta jawo daɗin da baitin da take ciki. Haka nan a aji: ana jiran mai magana ya gama, ana girmama ra'ayin ɗaliba kamar na ɗalibi, kuma saɓanin ɗariƙa ko ƙungiya ba ya hana a yi wa waƙar Shehu Ibrahim Inyas ko ta waninsa adalci a ma'aunin fasaha.

Abin da ke kan malami

Doka ba ta zama adalci sai ta hau kan ɓangarori biyu. Ibnu Jama'a, wanda ya rasu a 733 bayan Hijira, ya gabatar da ladubban malami a kan na ɗalibi a cikin Tazkiratus Sami'. Haƙƙin ɗalibi ne ya karɓi tsarin kwas a makon farko, ya san littattafai da ranakun gwaji da yadda za a raba maki. Haƙƙinsa ne a duba aikinsa a nuna masa kurensa, kada a tilasta masa sayen takardun malami, kada kuma a rage masa maki don ya saɓa da hujja. Idan an zalunce shi yana da hanyar kai ƙara ta wurin mai ba ajinsa shawara da shugaban sashe.

Kammalawa

Halarta, da karanta matani, da jingina magana ga mai ita, duk ladubba ne da ɗalibin Ƙaraye da Rogo ya riga ya sani daga zaure, jami'a ta ba su lissafi da hukunci ne kawai. Abin da zai koya sabo shi ne faɗin ra'ayinsa da hujja, kuma shi ma yana da magabata a cikinsa. Yana da kyau malaman zaure da na makarantun Islamiyya a wannan yanki su fara saba wa manyan almajiransu da tambayar "me ya sa" bayan an gama fassara, su kuma horar da su rubuta shafi ɗaya da hannunsu a kan abin da aka karanta. Wanda ya shigo jami'a da haddar zaure da wannan horo zai amfana, kuma za a amfana da shi. Allah ya sanar da mu abin da zai amfane mu, ya amfanar da mu abin da ya sanar da mu.