Burin 'Yar Bunkure: Laburaren da Zai Je Inda Mata Suke

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwanta ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando a yankinmu. Duk wanda ya tashi a nan ya san ruwan da ke kwance a dam, komai yawansa, bai amfani manomi ba sai an yi masa hanya har bakin fangali. Haka nake kallon littafi. Ilimi na nan jibge a Laburaren Murtala Muhammad da ke birnin Kano, yana nan a Jami'ar Bayero da Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya, amma matar da ke turara shinkafa a tsakar gida da yarinyar da ke shanya tumatir a bakin titi ba su da hanyar da zai iso gare su. Dalilin da ya sa ke nan na zaɓi karatun aikin laburare, ko da yake 'yan'uwa sun fi son su ji na ce aikin jinya ko koyarwa.

Wadda ta fara dasa mini wannan buri ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. An fi saninta da rubuce-rubucenta na Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ni abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda ta yi da rubutun bayan tawada ta bushe. Ta san matan ƙauye ba za su bar daka da raino su tare a Sakkwato ba. Sai ta zaɓi dattawan mata masu mutunci, ta naɗa su jajoji, ta ba kowacce malfa da jan ƙyalle alamar izini. Jaji takan jagoranci ayarin tsofaffi da 'yan mata su zo su karɓi karatu, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Ta kuma mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa domin wanda ba ya jin wancan harshe ya samu rabonsa. Zaɓen abin da ya dace, sanya shi cikin harshen mai buƙata, kai masa har gida: duk abin da ake koya mana yau a aji da sunan hidimar masu karatu, wannan baiwar Allah ta aikata shi tun kafin Bature ya ci ƙasar Hausa da yaƙi. Kuma da zuriyar Waziri Giɗaɗo, mijinta, ba su adana takardunta ba har zuwa zamanin Waziri Junaidu, da Jean Boyd da Beverly Mack ba su sami abin da za su tattara su buga a 1997 ba. Marubuciya tana buƙatar mai adana.

A nan ne zuciyata ke sosuwa game da marubutan zamaninmu. Hafsat Abdulwaheed ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Budurwar Zuciya da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa. Waɗannan littattafai sun shiga ɗakunan matan aure ta hannun masu bayar da haya da ƙawaye, sun riƙe wa mata da yawa karatun boko da suka bari a firamare. Sun yi magana a kan auren dole da kishi da saki da wulaƙancin da ake yi wa uwargida, abubuwan da kowa ya sani amma ba a faɗa a zaure. Duk da haka masana suka raɗa musu adabin kasuwar Kano, wasu da raini a bakinsu, kuma a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Ban ce kowane littafi na wancan zamani tsarkakakke ba ne. Akwai waɗanda ba zan miƙa wa ƙanwata 'yar shekara goma sha biyu ba. Sai dai aikin mai laburare shi ne ta karanta, ta tantance, ta san wanda ya dace da kowane hannu. Wuta ba ta tantancewa. Abin kunya ne a ce an fassara Alhaki Kwikwiyo zuwa Ingilishi an buga shi a Indiya a 2012, alhali ɗalibar da ke neman bugun Hausa na farko sai ta sha yawo a kasuwa.

Wata mata baƙar fata ta Amurka ce ta koya mini cewa ko jera littafi a kanta akwai adalci da zalunci a cikinsa. Sunanta Dorothy Porter. Ta yi aiki a laburaren Jami'ar Howard da ke Washington daga 1930 zuwa 1973. Ta tarar a laburarori da yawa, bisa tsarin lambobin Dewey, duk abin da baƙin mutum ya rubuta ana cusa shi a lamba 326 ta bauta ko 325 ta mulkin mallaka, ko da waƙa ce ko falsafa. Ta ƙi yarda. Ta sa mawaƙi cikin mawaƙa, masanin tarihi cikin masana tarihi, ta bi dillalan littattafai da ɗaliban Afirka tana roƙo tana saye, har tarin ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya a kan tarihin baƙar fata. Mu ma tsarin nan ya shafe mu: a rukunin addini, Kiristanci ya kwashe mafi yawan lambobi, Musulunci gaba ɗayansa aka matse shi a 297. Wadda za ta jera littattafai ga mutanen Bunkure dole ta san wannan, ta yi tsarin da mai karatunta zai ga kansa a ciki.

Laburaren da nake fata ba sai ya zama katafaren gini ba. Ɗaki ɗaya a makarantar 'yan mata ko Islamiyyar matan aure ya isa a fara, da akwatin littattafai da zai riƙa zagayawa ƙauyuka ranar kasuwa. A ciki a sami labaran mata, da Zaynab Alkali da Mariama Ba ta Senegal ga masu jin Ingilishi, da labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. A sami kuma takardun noma cikin Hausa, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar binciken noman rani a Kadawa, nan kusa da mu, kuma tsutsar da ta cinye tumatir a 2016 ta nuna wa kowa tsadar rashin sani. A naɗi muryoyin tsofaffinmu suna waƙar daka da tatsuniya, a ceto kaset-kaset na waƙoƙin Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, kafin zafi da ƙura su gama da su. Sama da komai, amana: idan mace ta ari littafi a kan haihuwa ko haƙƙinta a aure ko rabon gado, maganar ta tsaya tsakanina da ita. A gari irin namu da kowa ya san kowa, wadda ba ta iya riƙe sirri ba ta cancanci riƙe makullin laburare ba.

Yanzu marubuta mata da yawa sun koma WhatsApp da Wattpad, inda labari kan ɓace ranar da waya ta lalace. Na takarda ma gara da ɓera ba su bar su ba. Saboda haka, iyayena da yayyena na Bunkure da Kura da kewaye, idan akwai tsofaffin littattafan Hausa a ƙasan akwatinku, kada ku ba mai ƙosai ya naɗe kaya da su, kada ku hura wuta da su. Ku kakkaɓe su, ku rubuta sunan marubuciya idan bango ya yage, ku kai su laburaren makaranta mafi kusa da ku.