Dokar Haraji Ta Ɗora wa Dillalan Ma'aikata Nauyi a Ingila

A ƙasar Ingila akwai dillalai waɗanda sana'arsu ita ce samo wa ma'aikatu 'yan kwangila, su ci la'ada. A da, ɗan kwangila mai kamfanin kansa shi ke lissafa harajinsa bisa dokar da ake kira IR35. Amma tun Afrilu 2017 a ma'aikatun gwamnati, da Afrilu 2021 a kamfanoni manya da matsakaita, wanda ake yi wa aikin shi ke duba ko mutumin nan a gaskiya ma'aikaci ne. In haka ne, tilas dillalin da ke biyansa ya cire haraji tukuna, kamar yadda ma'aji ke yi wa albashi. Aiki ne babba aka ƙara masa. In kuwa ya yi sakaci, shi gwamnati za ta bi bashin.